Kiwon Jatan Lande: A Kafa Shinge Kafin A Haƙa Tafki

Tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, ake ƙara jin maganar kiwon jatan lande a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙasar nan za ta bi ta samu kuɗaɗen waje ba tare da dogaro da man fetur ba. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Jatan lande yana cikin kayan ruwa mafiya tsada a kasuwar duniya, Nijeriya tana da doguwar gaɓar teku da ruwa mai ɗumi shekara zagaye, kuma jiragen kamun kifi na ƙasar nan sun daɗe suna kama shi a teku suna sayar wa Turai. Sukan kuma kafa misali da ƙasar Ikwado, wadda a shekarar 2022 ta fitar da fiye da tan miliyan ɗaya, har wannan haja ta zarce ayaba ta zama babbar abin da ƙasar ke sayarwa waje bayan man fetur.

Wannan jarida ba ta adawa da wannan buri. Abin da ke damunmu shi ne, duk lokacin da aka buga gangar ribar wannan sana'a, ba a cika ambaton abin da ya sha durƙusar da ita a kusan kowace ƙasa da ta shige ta da ƙarfi ba, wato cuta. Mai karatu a Kano ko Sakkwato yana iya cewa ina ruwansa da abin da ke faruwa a tafkunan ruwan gishiri. To, kuɗin da za a zuba a harkar, ko na gwamnati ne ko rancen bankuna, na kowa da kowa ne. Haka nan hukumomin da za a ɗora wa tsaron lafiyar jatan lande a Legas da Bayelsa su ne dai waɗanda ke da alhakin lafiyar tarwaɗa da karfasar da matasanmu suka rungumi kiwonsu a nan Arewa. In sun gaza a can, babu dalilin da zai sa su yi nasara a nan.

Tarihin wannan sana'a a shekaru arba'in da suka wuce, in aka dube shi da idon basira, tarihi ne na hawa da faɗuwa. Taiwan ce ta fara zama zakara a kiwon babban jatan lande mai zane irin na damisa, sai ga shi tsakanin 1987 da 1988 harkar ta ruguje saboda cunkoso, lalacewar ruwa da cututtuka. Ƙasar Sin ta karɓi tuta, tana samar da fiye da tan 200,000 a 1992, amma a 1993 wata sabuwar annoba ta afka wa gonakinta, cikin shekara biyu abin da take samarwa ya faɗo ƙasa da rabin wancan adadi. Wannan annoba ita ce cutar farin ɗigo, wadda har yau babu wata cuta da ta kai ta yi wa makiyaya jatan lande ɓarna.

Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. An fara ganin ta a Taiwan a 1992, ta bazu a nahiyar Asiya cikin 'yan shekaru, ta isa Amurka a 1995. Alamunta sananne ne: jatan lande ya daina cin abinci, ya riƙa taruwa a bakin tafki a galabaice, jikinsa ya yi ja-ja, sannan fararen ɗige-ɗige su fito a cikin ɓawonsa. Daga ganin alamar farko zuwa mutuwar duk abin da ke cikin tafki, kwana uku zuwa goma ne kacal. Mutumin da ya kashe wata uku yana ciyarwa, yana biyan kuɗin man janareta domin na'urorin hura iska, sai ya wayi gari babu uwa babu riba, ga bashi a wuya. Ba ta kama ɗan Adam, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ci ba zai kamu da komai ba. Amma tana kama ƙaguwa da sauran dangin jatan lande masu rayuwa a rafuka da teku, su ɗauke ta daga wannan gona zuwa waccan, tsuntsaye ma sukan ɗauki mushe daga tafkin wani su yar a na maƙwabcinsa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne ƙanƙara ba ta kashe ta. Jatan landen da aka daskarar a wata nahiya yana iya isowa da ita a raye.

Ikwadon da ake yi mana kwatance da ita ta ɗanɗana kuɗarta har sau biyu cikin shekara goma. A 1992 jatan lande ya fara mutuwa a gonakin da ke kusa da kogin Taura, makiyaya suka ɗora laifin a kan magungunan feshi da manoman ayaba ke amfani da su, har magana ta kai gaban kotu. Sai daga baya, wajen 1995, bincike ya tabbatar da cewa wata ƙwayar bairos ce daban, wadda aka laƙaba wa sunan kogin. Ba su gama farfaɗowa ba, a 1999 cutar farin ɗigo ta iso, kuma tsakanin 1998 da 2000 abin da ƙasar ke fitarwa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, wuraren ƙyanƙyasa da masana'antun sarrafawa suka rufe, a daidai lokacin da bankunan ƙasar ke rugujewa. Sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin Ikwado ta komo inda take a da. Wanda ya nuna mana tan miliyan ɗaya na 2022 ya ɓoye mana 1999, to, rabin labari ya ba mu.

Akwai dalilin da ya sa cututtukan jatan lande suka fi na kaji da na shanu wuyar sha'ani, kuma yana da kyau masu tsara manufofi su fahimce shi. Saniya ko kaza, in aka yi mata allurar rigakafi, jikinta yana riƙe da kamannin ƙwayar cutar, duk ranar da ta dawo sai ya gane ta ya yaƙe ta. Ta haka ne aka ga bayan cutar bushiya, wadda ta sha ƙarar da garken kakanninmu, har aka ayyana shafe ta daga doron ƙasa a 2011. Jatan lande ba a halicce shi da irin wannan garkuwa mai tunawa ba, saboda haka allurar rigakafi irin wadda muka sani ba ta da gurbi a nan. Magungunan kashe bakteriya kuwa ba su yi wa bairos komai. Idan cutar ta shiga tafki, abin da ya rage wa mai gona shi ne ya yi gaggawar kwashe abin da ya kai munzalin sayarwa, ya zuba wa ruwan sinadarin kulorin, ya busar da tafkin, ya yi haƙuri. Ke nan duk dabarar tana wajen hana shigowa.

Kada kuma a ɗauka bairos ne kaɗai abokin gaba. A 2009 wata sabuwar mutuwa ta ɓulla a kudancin Sin, inda ƙananan jatan lande ke ƙarewa cikin kwana talatin zuwa talatin da biyar da zuba su a tafki, shi ya sa aka kira ta cutar mutuwar wuri. Ta shiga Biyetnam a 2010, Malesiya a 2011, Tailan a 2012, ta tsallaka teku zuwa Meziko a 2013. Shekara huɗu cur masana suna lalube cikin duhu. An zargi abinci, an zargi guba a ruwa, an zargi lalacewar iri. Abin da ya ƙara rikita su shi ne, duk samfurin da aka daskarar aka kai ɗakin gwaji, in an ba lafiyayyen jatan lande ba ya kamuwa. Sai a 2013 ne ayarin Farfesa Donald Lightner na Jami'ar Arizona da ke Amurka ya nuna cewa wani nau'i ne na bakteriyar Vibrio parahaemolyticus, wadda dama can tana zaune a ruwan gishiri ko'ina a duniya. Bambancin wannan nau'i shi ne ya samu wani ɗan guntun ƙwayar gado da ke ba shi ikon yin dafi, dafin kuma ya lalata gaɓar da ke yi wa jatan lande aikin hanta da narkar da abinci. Wannan guntu yana iya ƙaura daga wata bakteriya zuwa 'yar'uwarta, shi ya sa kawar da cutar gaba ɗaya ya faskara.

Tailan, wadda a lokacin ita ce kan gaba wajen sayar wa duniya jatan lande, ta faɗo daga kimanin tan 600,000 a 2011 zuwa ƙasa da rabin haka cikin shekara uku, Indiya da Ikwado suka gaje kasuwarta, kuma ba ta sake komawa wancan matsayi ba. A lura, wannan ƙasa ce mai manyan kamfanoni, da jami'o'i masu ƙwararru a wannan fanni, da ɗakunan gwaji na zamani. In har guguwa ta yi awon gaba da irin wannan gini, mai rumfar kara ya san abin da ke jiran sa.

A nan ne kuma wani haɗari na biyu yake kunno kai, wanda mu a Nijeriya ya kamata ya fi tayar mana da hankali, domin mun san halinmu. Makiyayin da ya ga dukiyarsa na mutuwa, abin da zai fara yi shi ne ya garzaya kantin magani. A ƙasashen Asiya haka aka yi ta zuba magungunan kashe bakteriya a tafkuna ba lissafi, har da waɗanda aka haramta amfani da su a dabbobin da ake ci. Sakamakon haka, a watan Janairun 2002 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da jatan lande da wasu kayan abinci na dabbobi daga Sin saboda an samu ɓurɓushin maganin kuloramfenikol a cikinsu, a shekarar kuma aka tsaurara bincike a kan kayan Tailan da Biyetnam. Maganin bai hana mutuwa ba, ya haifar da bakteriya masu taurin kai da ba su jin magani, sannan ya rufe ƙofar kasuwa. Mu da Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda maganin ƙwari, Amurka kuma ta dakatar da karɓar tarwaɗarmu a 2018 saboda mun kasa gamsar da ita kan tsarin bincikenmu, ba mu da bakin cewa ba a gargaɗe mu ba. Duk wanda ya san yadda ake sayar da magungunan kaji da na kifi a kasuwanninmu, ba takardar likita ba tambaya, ya san inda za a kwana in annoba ta shiga gonakin jatan lande.

To, ta ina waɗannan cututtuka ke ƙetare teku? Amsar ba ta da daɗin ji: galibi mutane ne ke ɗauko su da hannunsu, a jirgin sama, da takardun izini ko ba tare da su ba. Cutar Taura ta isa Taiwan a ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar iyayen iri da aka sayo daga nahiyar Amurka. Wata cutar bairos mai ruɓar da tsoka, wadda aka fara gani a Burazil a 2002, sai ga ta a Indonesiya a 2006, alhali tsakaninsu akwai rabin duniya. Ostireliya, ƙasar da ta yi fice wajen tsaurin bincike a kan iyakokinta, ta yi shekaru fiye da ashirin tana kare kanta daga cutar farin ɗigo, amma a ƙarshen 2016 cutar ta ɓulla a gonakin da ke bakin kogin Logan a jihar Kwinslan. Zargin da ya fi ƙarfi shi ne ɗanyen jatan lande da aka shigo da shi domin ci, masu fatsa suka saya a kanti suka yi koto da shi. Gwamnati ta dakatar da shigo da ɗanyen jatan lande a Janairun 2017, aka hallaka duk abin da ke gonakin yankin, duk da haka an ci gaba da samun ƙwayar a jikin halittun ruwa na wajen. Nahiyarmu ma ba ta tsira ba, domin cutar ta afka wa Mozambik a 2011 da Madagaska a 2012.

Wannan batu na shigar cuta cikin ruwan Allah shi ne ya fi komai muhimmanci a wurinmu. Tafki ana iya busar da shi, teku kuwa ba a busar da ita. Yankin Neja Dalta yana da dajin bakin teku mafi girma a Afirka, kuma a cikin saiwoyin itatuwansa ne jatan lande da kifaye da dama ke rainon 'ya'yansu. Busasshen ƙaramin jatan landen nan da ake aunawa a kasuwanninmu ana sa wa miya, daga masuntan Akwa Ibom da Kuros Riba da maƙwabtansu yake fitowa, kuma dubban iyalai da shi suke ci da sha. Waɗannan bayin Allah ba su da hannun jari a kowace gona, ba za a gayyace su taron masu zuba jari a Abuja ba, amma su ne za su zauna da duk abin da wani ya shigo da shi cikin ruwansu.

Ba muna cewa babu mafita ba. Ƙasashen da suka sha wuya sun koyi darasi, kuma hanyoyi biyu suka fito fili. Ta farko ita ce wadda aka faro a Hawayi, inda aka raini iri a killace, ana gwada shi zuriya bayan zuriya har aka tabbatar ba ya ɗauke da sanannun cututtuka. Da irin wannan iri na jatan lande mai farar ƙafa ne Asiya ta farfaɗo a farkon shekarun 2000, Saudiyya ma ta bi wannan hanya bayan cutar farin ɗigo ta yi mata ɓarna. Sai dai tsarkin iri ba garkuwa ba ne. In aka zuba shi a ƙazamin ruwa zai mutu kamar kowane. Shi ya sa ake haɗawa da tace ruwa, da shimfiɗa leda a ƙasan tafki, da shingen hana ƙaguwa, da ragar hana tsuntsaye, da rami a tsakiyar tafki inda ake zuƙe kashi da ragowar abinci kullum, domin a cikin wannan dagwalo ne bakteriyar ke hayayyafa. Wasu ma sukan saka karfasa a ruwan da za a shayar da tafki, saboda an lura hakan na rage mugunyar bakteriya. Ikwado kuwa ta bi wata hanya daban: manyan tafkuna, jatan lande kaɗan a kowanne, sannan a zaɓi waɗanda suka tsira daga annoba a mayar da su iyayen iri, har aka samu zuriya mai juriya. Hanya ta farko tana son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa da jari mai nauyi, ta biyu tana son fili mai faɗi, wanda a wurinmu yana iya zama sare dajin bakin teku. Kowace da farashinta, kuma ya kamata a faɗa wa 'yan ƙasa wadda aka zaɓa da dalilin zaɓenta.

Akwai kuma tambayar da ba mu ji an amsa ba tukuna a bainar jama'a. Shi wannan jatan lande mai farar ƙafa da ya mamaye kasuwar duniya, asalinsa daga gaɓar tekun Fasifik ta nahiyar Amurka yake, baƙo ne a ruwanmu. Duk mai son kiwonsa dole ya shigo da shi daga waje. Wa zai karɓe shi a filin jirgi? A ina za a killace shi, kwana nawa, kuma wane ɗakin gwaji ne zai duba shi ya sa hannu? Muna da Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa, muna da cibiyar binciken teku a Legas, da ta binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, da ta binciken cututtukan dabbobi a Bom. Amma an mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar teku, an kuma kafa ma'aikatar kiwon dabbobi daban a 2024, ga ma'aikatar gona tana nan. Ranar da jatan lande ya fara mutuwa a wata gona da tsakar dare, lambar wa mai gonar zai kira? Jifan da ya faɗa tsakanin ma'aikatu uku, mun san kowa zai ce ba a kansa ya sauka ba.

Mu a Arewa mun ga irin wannan rana. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in cutar a nahiyar Afirka, bayan kaji sun yi makonni suna mutuwa kafin a gane abin da ke kashe su. Da gwamnati ta yanke diyyar Naira 250 a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kasuwa ba, masu kaji da yawa suka gwammace su yi shiru su kai kasuwa, cutar kuma ta bi motocin kaji ta shiga jihohi. Darasin a bayyane yake: mutum ba zai kai rahoton abin da zai talauta shi ba. Duk dokar da ta tilasta wa mai gona sanar da hukuma ba tare da ta tanadi diyya mai ma'ana ko inshora ba, takarda ce kawai. Maƙwabtanmu na Gana ma sun gani a 2018, lokacin da wata ƙwayar bairos ta hallaka karfasa masu ɗimbin yawa a kejin kiwo na tafkin Bolta, ƙananan makiyaya da dama suka bar sana'ar.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da su sa doki a gaban keke, ba a bayansa ba. Kafin a ba kowa lasisin shigo da rayayyen jatan lande, a ayyana hukuma guda ɗaya tak da alhakin lafiyar dabbobin ruwa ya rataya a wuyanta, a gina mata wurin killacewa wanda ruwansa ba ya komawa rafi, a ba ta na'urorin gwajin ƙwayoyin gado da ma'aikatan da suka iya aiki da su. A binciki ruwanmu tun yanzu a san cututtukan da ke ciki da waɗanda babu, domin in ba a san yadda ake ba kafin a fara, ba za a taɓa sanin wanda ya kawo ɓarna ba. A kuma sa ido a kan daskararren ɗanyen jatan landen da ake shigowa da shi manyan kantuna da otal-otal, da inda ake zubar da ɓawonsa da ruwan wankinsa. Su kuma bankunan da za a nemi su ba da rance, haƙƙinsu ne su nemi ganin takardar gwajin iri da tsarin tace ruwa kafin su saki ko sisi, tun da kuɗin masu ajiya ne.

Tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Maiduguri da Sakkwato ma suna da rawar takawa, domin likitan da ya ƙware a cututtukan kifi da jatan lande har yanzu ɗan gwal ne a ƙasar nan, kuma horar da guda ɗaya yana cin shekaru. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa yana nan tafe gaban majalisa. Za mu duba shafin ma'aikatar teku mu ga nawa aka ware wa ɗakunan gwaji da wurin killacewa, nawa kuma aka ware wa tarurruka da tafiye-tafiye, sannan mu kawo wa masu karatu alƙaluman.